Zuge da Yambari

Shekaranjiya da hantsi maƙwabciyata ta ɗora tukunyar bagaruwa a wuta saboda 'yarta mai jego. Ina zaune a tsakar gida ina tsintar wake, sai iska ta tsallako katanga da wannan ƙamshi mai bauri, wanda yake kama maƙoshi kafin ya isa hanci. Na ajiye faifan. Na daɗe a zaune ban tsinci ko ƙwaya ɗaya ba. Mai karatu, ban sani ba ko kana da wani ƙamshi da yake yi maka haka. Ni dai duk sanda na ji bagaruwa tana tafasa, sai in koma yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya, a zauren kakana, alƙalami a hannuna, da wata ƙarya a bakina wadda har yau nake neman gafarar Allah a kanta.

Ƙauyenmu yana ta wajen Makoda, inda gona take manne da gona, ba ka ganin daji sai ɗorawa da kuka da gawo a tsaye a tsakiyar shuka. Mahaifiyata ta rasu ina da shekara uku. Mahaifina falken shanu ne, yana bin motocin dabbobi zuwa kudu, sai ya kai ni gidan kakannina na wajen uwa ya bar ni. Gida ne babba, amma kawunnaina duk sun koma birni, ɗakunansu a rufe, tantabaru sun mallake rufin. Mu uku ne muka rage: Malam, da Kaka, da ni. Sunan mahaifiyar Malam aka sa min, don haka shi Uwata yake ce min. Kaka kuwa, da yake sunan surukarta ne, ba za ta iya faɗarsa ba, sai ta ce Uwar Malam. Ba ta bari in fita talla da sauran yara. Ina jin muryoyinsu ta bayan danga suna wucewa, ni kuwa ina 'yar carafke ni kaɗai, ni ce mai ci, ni ce wadda aka ci.

Mahaifiyata ita ce 'yar farinsu, ka kuwa san kunyar ɗan fari a wurin mutanen da. Ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, ba a nuna an san da zamansa. Ta mutu, amma kunyar ba ta mutu ba. Babu hotonta, babu zanenta, kayan ɗakinta an raba. Idan na tambayi Kaka, wai mahaifiyata doguwa ce ko gajeriya, sai ta ce, "Wace ce kuma? Ni ban san wata ba. Miƙo min matankaɗi." Har na girma ban san ko tana da wushirya ba, ban san yadda take dariya ba. Abin da na fi so a duniya a lokacin ke nan, wani ya zaunar da ni ya ce, uwarki kaza ce, kaza ce.

Aikin Kaka kullum rabawa ne. Ta sheƙe ƙaiƙayi daga gero, ta bakace dusa daga tsaki, ta rege tsakuwa daga shinkafa a ƙwaryar ruwa, tana juya ta a hankali har nauyi ya kwanta ƙasa. Wata rana akuya ta ture mana kwanon gero da na wake a kan yashi, duk suka cakuɗe. Na sa kuka. Kaka ta ce, "Kukan me? Gero ya daina zama gero ne don ya kwanta kusa da wake?" Ta ɗauko rariya mai manyan ido, wake ya tsaya a sama. Ta ɗauko mai ƙanana, yashi ya zube. Abin da ya saura ta rege shi a ruwa. Kafin azahar kowanne ya koma kwanonsa. Ta kakkaɓe zaninta ta ce, "Abin da hannu ya haɗa, hannu zai raba shi." Na ɗauka haka duk duniya take.

Malam kuwa, tun kafin a kawo ni yanar ido ta rufe masa gani. Ya san ko'ina a gidan da tafin ƙafarsa, amma bai taɓa ganin fuskata sosai ba. Ɗalibansa sun watse tun da ya daina gani, ni kaɗai na rage masa. Da safe in zauna a gefen buzunsa da allona, in rubuta, sannan in karanto masa baƙi ɗaya bayan ɗaya, mim ara, lam jaye, ha kuri, yana gyara min da kunne. Da na ɗan yi nisa sai ya koya min ajami, yadda ake rubuta maganarmu ta yau da kullum da waɗannan baƙaƙe.

Tawadar da na sani ita ce zuge, ni nake haɗa abata. A daka gawayi ya yi laushi, a tankaɗe, a jiƙa ƙaro, a haɗa su da ruwa a kurtu. Baƙa ce wuluk tun daga ɗigon farko. Idan ta kwana, gawayin ya kwanta a ƙasa, sai an girgiza. An yi ta ne don a wanke. Ka haddace, ka wanke allo, ka rubuta na gaba. In wani ba shi da lafiya a rubuta masa addu'a, a wanke a ƙwarya ya sha.

A bazarar shekarar da na cika goma sha ɗaya, lokacin da ganyen ɗorawa yake tsaye cak don zafi, Malam ya ce da ni, "Uwata, gobe ki je maƙera ki ce a ba ki kashin maƙera cikin tafi biyu. In kin dawo ki biya gindin bagaruwar bakin rijiya ki tsinto busassu. Yambari za mu yi."

Kaka tana daga ƙofa ta ce, "Makaho da tawada! Wa zai rubuta, wa zai karanta?"

"Uwata mana."

"Uwar taka da ko miyar kuka ba ta iya kaɗawa ba tukuna?"

"Ke da kika iya, shekara nawa ina ci ina haƙuri?"

Ta yi tsaki ta wuce, amma ita ta ba ni tsohuwar tukunyar ƙasa da za mu yi aikin a ciki.

Kashin maƙera wani dunƙulallen ƙarfe ne mai ramuka, wanda yake saura a murhun maƙeri. Na daka bagaruwar na cire 'ya'yan, na jiƙa ta tare da shi, muka rufe tukunyar kwana uku. Ran na huɗu na tafasa, na tace da tsumma, na sa ƙaro kaɗan. Duk abin da na yi da faɗarsa na yi. Yana zaune yana shaƙar tururin, fuskarsa a sake, kamar wanda ya ji sallamar tsohon aboki.

Na tambaye shi me ya sa ba za mu yi da zuge ba, tunda ga ta a kurtu. Ya ce, "Gawayi da ƙaro zaman kasuwa suke yi. Suna wuri ɗaya, amma kowa da halinsa, in ruwa ya zo kowa ya kama gabansa. Bagaruwa da ƙarfe kuwa, in sun haɗu, nemi bagaruwar ba za ki same ta ba, nemi ƙarfen ba za ki same shi ba. Wani abu na uku Allah yake fitarwa, kuma shi ba ya wankuwa. Abin da ake so ya fi mai shi daɗewa, da ita ake rubuta shi."

Bayan la'asar ya sa na sauko da gafakarsa ta fata daga alkuki, ramin ajiya da yake jikin bangon zaure. A cikinta akwai fararen takardu masu kauri da ya ajiye tun yana gani. Ya gyara zama, ya juya fuskarsa ga bango, abin da bai taɓa yi ba in yana koyar da ni. Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "Rubuta bisimilla." Na rubuta. Ya ce, "Rubuta: akwai wata yarinya da aka haifa a gidan nan ranar Talata, gero yana fitar da kai."

Hannuna ya tsaya. Bai faɗi suna ba, kuma har ya gama bai taɓa faɗa ba, amma na san wace ce. Bai juyo ba ya ce, "Sharaɗi ɗaya. Ba za ki karanta ba sai ba na nan. Abin da kika rubuta yau ki sa a gafaka, na gobe ki ɗora a kansa." Na ce to.

Sai na dubi takardar. Tawadar ba ta yi baƙi ba. Ja-ja ta fito, fayau, kamar shayin da aka yi wa rowar ganye. Sai na karkata takardar wajen haske kafin in ga abin da na rubuta. Na ce a raina na ɓata ta, ko na cika ruwa, ko ban tafasa ta yadda ya kamata ba. Ban taɓa ganin yambari sabuwa ba, waɗanda na gani a littattafansa duk baƙaƙe ne sidik.

"Yaya ta fito?" ya ce.

"Ta yi kyau, Malam."

Na sha tambayar kaina me ya hana ni faɗar gaskiya. Akwai tsoron a ce na kasa, Kaka ta samu abin tsokana. Amma babban tsorona wani ne. Na ga yadda maganar nan ta fito masa da ƙyar, kamar ana jan guga mai nauyi daga rijiya mai zurfi. In na ce tawada ta ɓaci, sai an sake kwana huɗu. Wa ya sani ko a cikin kwana huɗun nan kunya za ta dawo ta rufe masa baki? Na cika warƙa biyu da wannan ruwa mai ja, na sa su a gafaka ina jin kamar na rubuta a kan iska.

Washegari na yi dabarata. Na daka gawayi sabo, na haɗa zuge mai kauri, na zo da ita a ɓoye cikin zanina. Kurtun yambari kuwa na buɗe shi na ajiye a kusa da gwiwarsa, don ya riƙa jin ƙamshin bagaruwa. Da na ɗora alƙalami, baƙin ya fito raɗau, har yana sheƙi. Na ji daɗi a raina, na ce yanzu ne na ceci labarin uwata.

Kwana goma sha tara muka yi a haka, kullum bayan la'asar, shi fuskarsa a bango, ni kaina a sunkuye. Wani lokaci ya yi magana da sauri har in ce, "Malam, a hankali." Wani lokaci ya yi shiru har tawadar ta bushe a bakin alƙalami. Sau biyu ko uku na ji ya yi dariya shi kaɗai kafin ya ce in rubuta. Kaka takan zauna a bayan ƙofar zaure ta ciki da audugarta, wai a nan iska ta fi kaɗawa. Ina jin mazarinta yana juyawa a kan tasa, sai in ji ya tsaya, ya daɗe a tsaye.

Za ka ce, ai na ji labarin da kunnena, me ya rage? Wanda bai taɓa rubuta shifta yana yaro ba, ba zai gane ba. Hankalina duk yana kan baƙi da wasali, wannan kalma da wane baƙi za ta fara, ɗigon nan sama yake ko ƙasa. Maganar takan shiga ta kunne ta fita ta yatsu, ba ta tsaya ba. Ban damu in riƙe ba, don na san tana nan a takarda, wata rana zan zauna ni kaɗai in karanta ta a tsanake, in maimaita yadda nake so.

Ran ƙarshe ya ce, "Rubuta: Allah Ya sa ta huta. Tammat." Ya juyo, ya lalubo kaina ya dafa. "Kin ga amfanin uwa ke nan," ya ce. "Abin da mutum ba zai faɗa wa kowa ba, sai ya faɗa wa uwarsa."

Ruwan farko ya sauka, aka yi shuka. Gero bai kai tsawon ɗan yatsa ba Malam ya kwanta, kwana shida ya cika, da safe, bayan ya idar da salla a zaune. Kawunnaina suka zo, aka yi zaman makoki, suka koma. Muka rage mu biyu. Kaka ta shiga takaba, magana ta ƙara yi mata wuya. Sharaɗin ya cika, amma ban buɗe gafakar ba. Kullum in shiga zaure in dube ta a alkuki in fito. Na ce sai an yi arba'in. Ina ji kamar wanda aka ba nama yanka ɗaya, yana ta juya shi a kwano, ba ya so ya ƙare.

Duk shekara kafin damina Malam ne yake aikawa a kira magini ya yi wa soron zaure yaɓe, ya gyara indararo. A shekarar nan bai kai ga aikawa ba ciwo ya kwantar da shi, kuma babu wanda ya tuna. Saura kwana tara arba'in, na kai wa masu noman gonarmu fura da azahar, hadari ya taso daga gabas. Na fake a bukkar gona. Ruwa ne irin wanda manoma suke wa Allah godiya a kansa, ya daɗe yana zuba, har kunyoyi suka cika. Da ya ɗauke na taho gida ina tsalle a kan kududdufai.

Da na shiga zaure sai na ji ɗiga. Indararon ya toshe, ruwa ya taru a kan soron ya samu hanya ta tsakanin azara, ya biyo bango ya sauka daidai cikin alkuki. Gafakar tana zaune a cikin ruwa. Wani baƙin layi ya gangaro daga bakin alkukin har ƙasa.

Na sauko da ita na buɗe a kan buzunsa. Takardun sun manne da juna. Na ɓamɓaro ta sama, babu komai a kanta sai toka-toka, kamar hadari. Ta biyu haka. Ta uku akwai inuwar layuka, na kai yatsa in nuna wani baƙi, sai ya biyo yatsana. Na riƙa ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, hannuwana suka yi baƙi har wuyan hannu. Nan in ga rabin kalma, can in ga ɗigo biyu ba tare da baƙinsu ba. Gawayi ya kama gabansa, ƙaro ya kama gabansa.

A can ƙasa, inda ruwan ya fi taruwa, na tarar da warƙa biyu. Sun jiƙe sharkaf, amma rubutun da yake kansu baƙi ne sidik, kowane ɗigo a wurinsa. Da farko na ɗauka wasu tsofaffin takardun Malam ne. Sai na ga hannuna ne. Su ne na ranar farko, masu ruwan shayin nan da na raina. Na goga yatsa a kansu da ƙarfi, ko gezau. Ashe ban ɓata tawadar ba. Ashe haka take, ja take sauka, sai ta kwana ta yi baƙi. Da na ce masa, Malam, ta fito fayau, da dariya zai yi ya ce, bar ta zuwa gobe.

Ban san na yi ƙara ba, sai ganin Kaka na yi a kaina. Ta dubi soron, ta dubi takardun, ta dubi hannuwana. Ta ce, "Ba ya ce wannan ba ta wankuwa ba?"

Na faɗa mata komai, har da kurtun da nake buɗewa a kusa da gwiwarsa. Na sunkuyar da kai ina jiran duka, ina ma so a dake ni. Ba ta taɓa ni ba. Na ce, "Kaka, ke kin ji duk abin da ya faɗa. Kina bayan ƙofa. Ki faɗa min in sake rubutawa."

Bakinta ya motsa. Na ga ta gwada, wallahi na gani. Sai ta kau da kai ta ce, "Ni kaɗi nake yi. Ban ji komai ba."

Ta fita. Na ɗauka shi ke nan. Sai ga ta ta dawo da sabuwar ƙwarya da ruwan randa a ciki. Ta zauna a ƙasa, ta ware warƙa biyun nan ta shanya su a kan faifai. Sauran ta riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya tana ɗauraye su a ƙwaryar, a hankali, yadda ake yi wa jariri wanka. Ruwan ya yi baƙi. Ta ce, "Akwai sunan Allah a ciki. Ba a zubar da shi a ƙasa."

Ta yi bisimilla ta kafa kai. Ta sha, ta sha, ba ta ɗago ba sai da ta kai rabi. Da ta sauke ƙwaryar, ruwa yana bin haɓarta, wani kuma yana bin kuncinta. Ban taɓa ganin ta yi kuka ba, ko ranar da aka fita da Malam. Ta miƙo min ta ce, "Shanye. Taki ce."

Na shanye. Ɗanɗanon gawayi ne da ƙaro, da ɗan warin fata. Iyakar abin da Kaka ta taɓa faɗa min game da 'yarta ke nan, har ta koma ga Allah shekara shida bayan haka.

Yanzu na tsufa, ina koya wa matan aure karatu a gidana. Jikata tana makarantar kimiyya, tana karanta abin da suke kira kemistiri. Da hutun da ya wuce ta zo ta ga warƙa biyun nan, na ba ta labarinsu. Ta ce, "Hajiya, ai darasinmu ne na ajin farko." Ta ce abubuwa iri biyu ne. Akwai cakuɗe, inda kowane abu yake riƙe da halinsa, kana iya sa wannan da yawa wancan kaɗan, kuma kana iya raba su da rariya ko ruwa ko iska. Ta ciro maganaɗisu daga wata matacciyar rediyo, ta gauraya yashi da garin ƙarfe a faranti, ta wuce da shi ta sama, ƙarfen duk ya tashi ya manne. Akwai kuma haɗi na sinadari, inda abubuwan suke ɗaurewa da juna bisa wani ma'auni da ba ya canzawa, su zama sabon abu mai sabon hali. Ta ce gishirin miyarmu haka yake, wai ɗaya daga iyayensa wani ƙarfe ne mai kamawa da wuta in ya taɓa ruwa, ɗayan kuma iska ce mai guba. Na ce subhanallahi. Ta ce ƙarfen maƙera da baurin bagaruwa ma haka suke ɗaurewa, kuma iska ce take ƙarasa aikin a kan takarda, shi ya sa sai ta sha iska take yin baƙi, ta kama jikin takardar.

Na ce, "Kakana ya faɗi wannan tun ba a haifi uwarki ba."

Ta ce, "To shi wa ya ba shi maki?" Muka yi dariya. Sannan ta ce da a yanzu ne, da waya kawai za a ajiye a gabansa a ɗauki muryarsa. Gaskiya ta faɗa. Yanzu rufin kwano ne ko'ina a ƙauyen, babu mai kiran magini kafin damina, maƙerar ta zama shagon cajin waya, tawada kuma a kwalba ake sayo ta. Sai dai ban sani ba ko mutumin da ya juya wa jikarsa baya don kunya zai iya magana a gaban waya.

Warƙa biyun sun faɗa min an haife ta da gashi mai yawa, ba ta yi kuka ba sai da ungozoma ta yayyafa mata ruwa, tana tsotsar yatsu biyu na hannun hagu, tana tsoron zakara. Layin ƙarshe na warƙa ta biyu ya ce, "Ranar da ta fara tafiya, muna zaune a tsakar gida, sai ta saki turmi ta nufi". A nan takardar ta ƙare. Sauran yana kan ta uku.

Na yi shekaru ina ƙoƙarin tuno abin da ya biyo baya, da duk abin da ya faɗa a kwanakin nan. Wasu abubuwa suna zuwar min, wata rijiya, wani jan ɗankwali, wata waƙa da take yi wa awaki. Na taɓa zama da alƙalami in rubuta su. Sai na tarar ba zan iya rantsewa a kan ko ɗaya ba. Maganar Malam da abin da na ƙaga ina kwance ina kewa sun daɗe tare a cikina, har sun zama abu ɗaya, kuma ba ni da rariyar da za ta raba su. Ina tsoron in yi masa ƙarya sau biyu, sai na ajiye alƙalamin.

Jikata ta karanta layin nan da ƙyar, don ajaminta bai nuna ba. Ta juya takardar ta ga bayanta fari. Ta ce, "Hajiya, ta nufi ina?"

Na ce mata ban sani ba. A raina ina ganin wajen Kaka ta nufa, Kaka kuma ta kau da kai don kunya, tana miƙa hannu ɗaya ta baya don kada yarinyar ta faɗi. Ina ganin abin sarai, har da inuwar turmin. Amma ko Malam ne ya faɗa, ko ni ce na so haka, Allah kaɗai Ya sani, kuma duk waɗanda zan tambaya sun riga ni tafiya.